DARASI A KAN TAKARDAR DA ALƘALI KE KARƁA BA TARE DA NEMAN WATA SHAIDA BA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanar da ɗan Adam riƙon alƙalami, Ya kuma hore shi da tsayar da adalci. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa musulmi, kowace shekara idan hadari ya soma tasowa daga gabas, mukan ga ƙofofin sarakuna da na mashara'anta sun cika da masu rikicin gonaki. Wannan ya zo da tsofaffin garinsu waɗanda suka san iyaka tun suna yara, wancan kuwa ya zaro takarda ɗaya mai hatimi daga aljihunsa. Sau da yawa mai takarda ne ke komawa gida da gonar. Sai jama'a su watse suna tambaya: yaya takarda za ta rinjayi maganar dattawa, alhali ba ta rantsuwa kuma ba a iya yi mata tambaya? Shin wannan yana da asali a cikin shari'ar Musulunci, ko kuwa abu ne da muka gada daga Turawa kawai? Darasinmu na yau amsa ne ga wannan tambaya, tare da bayanin nauyin da ke kanmu a cikin al'amarin.

ASALIN RUBUTA HAƘƘI

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ita ce aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma magana take yi a kan rubuta bashi. A cikinta Allah Ya umurci muminai da su rubuta bashin da aka yanka ma lokaci, marubuci ya rubuta da adalci, wanda ake bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, idan kuma ba ya iyawa saboda rauni ko ƙarancin hankali, waliyyinsa ya tsaya masa. Ayar ta haɗa rubutun da shaidu, ta hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su, ta hana ƙosawa da rubuta ƙaramin bashi ko babba, ta kuma hana a cuci marubuci ko mai shaida. Mafi yawan malamai sun ɗauki wannan umurni a matsayin abin so, wasu kuwa kamar Imamu Ɗabari sun tafi a kan wajibi ne.

Haka nan aikin Manzon Allah (S.A.W) ya gudana. Sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan Hijira a rubuce aka yi shi, Sayyadina Aliyu ne ya riƙe alƙalami. Lokacin da Annabi ya yi nufin rubuta ma Rumawa wasiƙa, aka sanar da shi cewa ba su karanta wasiƙar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa yana buga hatimi da shi. Zoben nan ya kasance a hannun Abubakar bayansa, sa'an nan Umaru, sa'an nan Usmanu, Allah Ya yarda da su, har ya faɗa rijiyar Arisu a Madina. Kuma ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umaru, wanda Imamu Malik da Buhari da Muslim suka ruwaito, kwaɗaitarwa ga musulmin da ke da abin wasiyya da kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Malamai suka ce, da rubutu ba ya amfanar da komai, da ba a yi umurni da shi ba.

WASIƘAR ALƘALI ZUWA GA ALƘALI

Da ƙasar Musulunci ta faɗaɗa, sai wata matsala ta taso. Mutum yana da haƙƙi, shaidunsa suna Basara, wanda yake ƙara kuwa yana Kufa. Ɗauko shaidu a kan raƙuma wahala ce babba. Sai alƙalin Basara ya saurari shaidun, ya rubuta abin da ya tabbata a gabansa, ya buga hatiminsa, ya aika ma alƙalin Kufa. Wannan shi ne abin da littattafan fiƙihu ke kira wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali.

Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan wannan mas'ala a cikin kashin hukunce-hukunce na Sahihinsa. Ya kawo cewa jama'a daga alƙalan farko suna zartar da irin wannan wasiƙa idan sun gane rubutu da hatimi, ba tare da shaidu sun halarta ba. Idan wanda aka kawo takardar a kansa ya ce ta jabu ce, sai a ce masa ya tafi ya nemo abin da zai fitar da shi. Ku lura da wannan wuri da kyau, domin shi ne zuciyar darasin: nauyin kawo hujja ya tashi daga kan mai takarda ya koma kan mai musunta. Buhari ya kuma ambata cewa farkon waɗanda suka nemi a kawo shaidu a kan wasiƙar alƙali su ne Ibnu Abi Laila, alƙalin Kufa wanda ya rasu a shekara ta 148, da Sawwaru ɗan Abdullahi, alƙalin Basara. Abin da ya kawo wannan tsanantawa shi ne sauyawar halin mutane. Tun kafin zamaninsu ma, malaman tarihi sun ambaci wasiƙar da masu tawaye suka ce sun kama da hatimin Halifa Usmanu a shekara ta 35, ya kuwa rantse cewa bai rubuta ta ba kuma bai yi umurni da ita ba. Fitinar da ta biyo baya sananniya ce ga kowa.

Game da ajiye hukunci a rubuce kuwa, an ambaci Sulaimu ɗan Itru, alƙalin Masar a zamanin Mu'awiya, a matsayin wanda ya fara. Ya raba ma wasu magada gado, suka tafi suka musanta abin da ya hukunta, suka sake komowa gare shi. Sai ya sake hukuncin, ya rubuta shi, ya kafa shaidu a kansa. Daga nan kundin alƙali ya zama abin da ba a rabuwa da shi a majalisar shari'a.

MATAKAI UKU NA TAKARDA

Idan muka tattara maganganun malamai, za mu ga takarda tana da matakai uku.

Na farko, takardar da tunatarwa ce kawai. Misalinta littafin mai kanti wanda yake rubuta sunayen waɗanda yake bi bashi da hannunsa. Wannan ba ya zama hujja a kan kowa don shi kaɗai, saboda mutum ba ya shaidar kansa. Ƙa'idar shari'a tana nan daram: kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan mai musu.

Na biyu, takardar da ke zama hujja bayan an tabbatar da rubutunta. A nan mazhabarmu ta Malikiyya ta fi sauran mazhabobi sauƙaƙawa. Malamanmu sun yarda da shaida a kan rubutun hannu: idan mutum ya rubuta da hannunsa cewa wane yana bin sa kaza, daga baya ya musanta ko ya rasu, adilai biyu da suka san rubutunsa sani na haƙiƙa suna iya shaidawa cewa rubutunsa ne, a yi hukunci da shi. Haka nan rubutun shaidan da ya mutu ko ya yi tafiya mai nisa. Amma sun gindaya sharuɗɗa: takardar ta kasance a gaban alƙali, babu gogewa ko ƙari mai sa shakka, kuma an san mai shaidar adili ne. Wanda ke son faɗaɗawa sai ya koma ga Muhtasar na Shaihu Halilu, da Tabsiratul Hukkam na Ibnu Farhun wanda ya rasu a shekara ta 799, da Tuhfatul Hukkam na Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus wanda ya rasu a shekara ta 829, littafin da har yanzu ake karantawa a zaurukan malamanmu.

Na uku, takardar da ke tsayawa da ƙafarta, wadda alƙali ke aiki da ita ba tare da ya nemi wata shaida ba. Ko da yake abin da ya shahara a mazhaba shi ne neman shaidu biyu a kan wasiƙar alƙali, Ibnu Asim ya bayyana cewa aikin da ke gudana a zamaninsa shi ne karɓar abin da alƙali ya rubuto ma ɗan uwansa alƙali. A wajen Hanafiyya ma, Abu Yusufa, babban alƙalin Halifa Haruna Rashid, ya yarda alƙali ya yi aiki da abin da ya samu a kundinsa idan yana ajiye ƙarƙashin hatiminsa, ko da ya manta shari'ar. Daga baya, da daular Usmaniyya ta Turkiyya ta tsara hukunce-hukuncen ma'amala a kundin da ake kira Majalla, wanda aka kammala a shekarar 1876, ta tabbatar da cewa ba a aiki da rubutu da hatimi su kaɗai sai idan sun kuɓuta daga shakkar jabu, ta kuma yarda a yi aiki da takardun fadar sarki, da kundin rijistar filaye na daula, da kundin kotuna idan an tsare su daga maguɗi.

Ashe kenan sirrin al'amarin guda ne tun daga Basara har zuwa Santambul: ana karɓar takarda gwargwadon amincin hannun da ya rubuta ta da wurin da aka ajiye ta. Ƙarfinta aro ne daga amanar mutane.

YADDA ABIN YAKE A DOKAR ƘASARMU

Dokar ma'amaloli da Nijar ta gada daga Faransa ita ma ta raba takardu gida biyu. Akwai takardar hukuma tabbatacciya, wadda ta cika sharuɗɗa uku: ma'aikacin da doka ta ba iko ne ya rubuta ta, ya rubuta ta a cikin yankin da ikonsa ya kai, kuma ya bi tsarin da doka ta shimfiɗa. Daga cikinta akwai hukuncin kotu, da takardun haihuwa da aure da mutuwa waɗanda ma'aikacin rijistar jama'a ya tsayar, da yarjejeniyar da aka ƙulla gaban rantsattsen marubucin nan da ake kira noter. Irin wannan takarda alƙali yana ɗaukar ta a matsayin gaskiya, wanda ya ce jabu ce shi ne zai shigar da ƙara ta musamman ya tabbatar da maganarsa, kuma hanya ce mai tsawo da nauyi.

Akwai kuma takardar da mutane suka rubuta tsakaninsu suka sa hannu. Wannan tana ɗaure wanda ya yarda cewa sa hannunsa ne. Idan ya musanta, sai an bincika kafin a yi aiki da ita. Kun ga wannan ya yi kusa da mataki na biyu da muka ambata a wajen malamanmu.

A sha'anin gonaki, dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga watan Maris 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda jama'a ke kira Kofo, kuma a yau ana samun su a matakin ƙauye da na gunduma da na sama da haka. Ta hanyarsu, tare da sarakunan gargajiya, ana samun takardar shaidar mallakar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Tsarin ya tanadi a sanar da jama'a, maƙwabtan gona su halarci bin iyaka, don mai ja ya yi magana tun da wuri. Sama da waɗannan duka akwai babbar takardar mallaka wadda aka shigar a kundin filaye na ƙasa, ita kuwa doka ta ba ta ƙarfin da warware shi yake da matuƙar wuya.

ABIN DA TAKARDA BA TA IYA YI

A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata kowane musulmi ya riƙe.

Na ɗaya, hatimin ma'aikaci yana tabbatar da abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa ne kawai: cewa wane da wane sun zo gabansa rana kaza, sun faɗi kaza, sun sa hannu. Ba ya tabbatar da cewa abin da suka faɗa gaskiya ne. Idan mutum bai samu takardar haihuwa cikin wa'adi ba, yakan je kotu da shaidu a yanka masa hukunci mai maye gurbinta. Idan shaidun nan suka rage masa shekaru don ya shiga makaranta ko ya samu aiki, takardar za ta fito da hatimi na gaske, amma shaidar zur ce a cikinta. Mu kuwa mun sani a hadisin Abu Bakrata cewa Manzon Allah (S.A.W) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka tausaya masa.

Ita kanta takardar da ake jingina ma manya ana auna ta da ilimi. A ƙarni na biyar na Hijira an kawo ma wazirin Bagadaza wata takarda da aka ce daga Annabi take, wadda ta ɗauke ma mutanen Haibara jizya, da sunayen sahabbai a matsayin shaidu. Waziri ya nuna ma malamin hadisi Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463. Da ya duba sai ya ce jabu ce, domin a cikin shaidunta akwai Mu'awiya wanda ya musulunta a shekarar buɗe Makka, ta 8, alhali an ci Haibara a shekara ta 7, akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu wanda ya rasu a shekara ta 5. Idan an iya yin haka a zamanin tawada da alƙalamin kara, ina ga zamaninmu da kwamfuta ke kwaikwayon hatimi cikin ƙiftawar ido? Saboda haka hoton takarda da aka turo ta waya ba hujja ba ne, sai an koma ga kundin ma'aikatar da aka ce ta fitar da ita.

Na biyu, hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Annabi ya sanar da masu husuma cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujja, to wanda aka yanka ma haƙƙin ɗan uwansa ya sani yankin wuta aka yanka masa. Mu ɗauki misali. Manomi ya shiga matsi a shekarar fari, ya ba da gonarsa ga wani a kan jaka ɗari, da cewa ranar da ya maida kuɗin zai karɓi abinsa. Mai kuɗi ya sa aka rubuta saye a maimakon jingina, manomi bai iya karatu ba, ya dangwala yatsa. Shekaru suka shuɗe, manomi ya rasu, shaidu suka rasu, marayu suka zo da kuɗi, aka nuna musu takarda. Alƙali yana iya ba mai takarda gaskiya kuma babu laifi a kansa, tun da zahiri ya gani. Amma kowane damin geron da aka ɗauko daga gonar nan haram ne ga mai ci, kuma hadisin Sa'idu ɗan Zaidu ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai ranar alƙiyama.

ABIN DA KE KANMU

1. Mu rubuta ma'amalolinmu tun ana shiri. Kunya ce ke hana mu, muna cewa ai ɗan uwana ne, ai surukina ne. To Allah da Ya yi umurni da rubutu Ya fi mu sanin zumunci. Rubutu kariya ne ga zumunci, domin waɗanda suka yi yarjejeniya za su mutu, ƴaƴansu ne za su gaji maganar.

2. A kira kowace ma'amala da sunanta. Aro a rubuta aro, jingina a rubuta jingina, kyauta a rubuta kyauta, tare da iyakokin gona ta fuskoki huɗu, da adadin kuɗi, da wa'adi, da rana. Kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.

3. Kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a kan abin da ba mu san ma'anarsa ba. Mafi yawan takardun hukuma da Faransanci ake rubuta su. Mu nemi amintaccen mutum daga namu ɓangaren ya karanta mana, ya fassara mana kalma bayan kalma. Wanda ya fassara ya karkatar da magana, ya yi tarayya cikin zunubin.

4. Kada mu ba da aron sunanmu ga shaidar abin da ba mu halarta ba. Faɗin cewa taimako ne ba uzuri ba ne. Haka nan wanda ya san gaskiya kada ya ɓoye ta don tsoron mai takarda, domin aya ta 283 ta Baƙara ta hana ɓoye shaida.

5. Mu yi rijistar haihuwar ƴaƴanmu, da aurenmu, da rasuwar mamatanmu a kan lokaci. Sau nawa muka ga matar da mijinta ya rasu tana yawo tsakanin ma'aikatu, ta kasa karɓar haƙƙin marayunta, saboda babu takardar da ke nuna aurenta? Ɗaurin aure da waliyyi da shaidu da sadaki ya inganta a shari'a ko babu takarda, amma takardar tana tsare haƙƙin mace da na ƴaƴa.

6. Idan za a raba gado, a rubuta rabon kowa, mata da maza, manya da ƙanana, a gaban malamin da ya raba da shaidu, sa'an nan a kai ga hukuma ta tabbatar.

7. Daga ƙarshe muna kira ga ƴan uwanmu masu riƙe da hatimi: sarakuna da masu gari, ma'aikatan magajin gari, membobin Kofo, marubutan kotu, da malamai masu zama tare da alƙalai a shari'un aure da gado. Ku sani alƙali yana karɓar takardarku ba tare da tambaya ba ne saboda an ɗauke ku amintattu. Duk hatimin da kuka buga ya tsaya a madadin rantsuwarku. Wanda ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko ya mayar da kwanan wata baya, ko ya karɓi na goro ya rubuta abin da bai gani ba, ya cuci wanda ke gabansa, ya kuma rage ma dukan takardun ƙasa daraja, har talaka mai gaskiya ya rasa abin dogara.

Muna roƙon limamai su karanta ma jama'a wannan darasi bayan salla, musamman kafin faɗuwar damina, su kuma taimaki wanda bai iya karatu ba wajen gane abin da ke cikin takardunsa.

Allah Ya sa mu cikin masu tsayar da shaida dominSa, Ya tsare hannayenmu daga rubuta ƙarya, Ya tsare cikunanmu daga dukiyar marayu, Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu takardunmu a hannun dama ranar da babu hatimin da ke amfani sai gaskiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.